Windows 11 da tsofaffin kwamfutocinmu: a duba kafin a saya

Ranar 14 ga watan Oktoba na shekarar 2025 kamfanin Microsoft na ƙasar Amurka ya janye hannunsa daga kula da Windows 10, wato tsarin nan da ya fitar cikin watan Yuli na 2015, wanda ya shekara goma yana tafiyar da kwamfutoci masu ɗimbin yawa a duniya, har da na ofisoshinmu. Babu na'urar da ta mutu a wannan rana. Washegari sakatare ya buɗe ofis, ya kunna tasa, ta tashi kamar yadda ta saba, ya buga wasiƙunsa ya kai a sa hannu. Saboda haka ba abin mamaki ba ne idan ma'aikaci a Birnin Ƙonni, ko Malbaza, ko Illela, ya ɗauki maganar a kan rigimar Turawa wadda ba ta shafe shi ba. Alhali kuwa ta shafe shi, kuma ta hanya biyu take iso masa: ta kan teburin da yake aiki, da kuma ta kasuwa, ranar da zai sayi wata na'ura ko ya karɓi kyautarta da sunan ma'aikatarsa.

Tsarin aiki da tafintocinsa

Domin ƴan uwanmu da suka fito daga azuzuwan yaƙi da jahilci, waɗanda suka fi sabawa da wayar salula a kan kwamfuta, ya kamata mu fara da ɗan bayani. Kwamfuta, wadda ma'aikata suka fi kira odinatar, abu biyu ce a haɗe. Akwai gangar jiki, wato abin da hannu yake iya taɓawa: akwati, da gilashin da ake kallo, da allon haruffa, da ƙwaƙwalwar da ke lissafi a ciki, da rumbun da ke ajiye takardu. Akwai kuma manhaja, wato jerin umarnin da aka rubuta domin gangar jikin ta san abin da za ta yi. Babbar manhajar da ke shugabancin sauran duka ita ake kira tsarin aiki. Windows tsarin aiki ne. Android da ke cikin yawancin wayoyinmu shi ma haka.

Tsarin aiki ba ya magana kai tsaye da firinta, ko sikana, ko na'urar ɗaukar zanen yatsa. Tsakaninsu akwai wata ƴar ƙaramar manhaja wadda masu gyara ke kira direba, amma in an duba aikinta, tafinta ce. Dattawanmu sun san zamanin da kumandan ba ya jin Hausa, talaka ba ya jin Faransanci, duk shari'a sai ta bi ta bakin tafinta. Ranar da tafinta bai zo ba, sai a watse. To haka firinta take da Windows. Kamfanin da ya ƙera firintar shi ne ke rubuta mata tafinta, kuma idan aka sake tsarin aiki, sau da yawa sai ya gyara tafintar ko ya rubuta sabuwa. In kuwa ya ga firintar ta tsufa, ba ya ƙara samun ko tamma a kanta, sai ya ƙyale ta. Ga firinta nan lafiya lau, tawada cike, takarda a ciki, amma babu mai fassara mata umarni.

Wannan ba yau aka fara ba. Cikin watan Janairu na 2007, da aka fitar da Windows Vista, an sha irin wannan wahala a duniya, domin kamfanoni da yawa ba su gama shirya direbobinsu ba. Abin da ya bambanta na yanzu shi ne, ba firinta kaɗai aka bari a baya ba, ita kanta kwamfutar ce aka tsayar a bakin ƙofa.

Sharuɗɗan da aka gindaya

Windows 11 ya fito ranar 5 ga Oktoba 2021, kuma kyauta ne ga duk wanda ke da Windows 10 na halal, muddin na'urarsa ta cika sharuɗɗa. Wasu daga cikin sharuɗɗan ba su da wuya: ana son ma'ajiyar aiki, wadda ake kira RAM, ta kai gigabait 4, rumbu kuma ya kai gigabait 64. Na'urori da yawa masu shekara goma sun wuce haka. Guda biyu ne suka zama ƙarfen ƙafa.

Na farko shi ne abin da ake kira TPM 2.0. Wani ɗan akwatin sirri ne a cikin na'ura, inda ake ɓoye makullan da ke kulle bayanai, ta yadda ko ɓarawo ya cire rumbun ya kai shi wata kwamfuta, ba zai iya karanta abin da ke ciki ba. Tun watan Yuli na 2016 Microsoft ya wajabta wa masu ƙera sababbin kwamfutoci su sa shi. A nan akwai abin da ya kamata kowane mai kula da kayan ofis ya sani: na'urori da yawa suna da wannan akwati, amma a kashe yake. Ana kunna shi ne a cikin shirin farko da na'ura ke tashi da shi, wanda ake kira BIOS, inda yake ɗauke da sunan PTT a na'urorin Intel, ko fTPM a na AMD. Aikin minti biyar ne ga wanda ya sani. Saboda haka kada a yanke wa kwamfuta hukuncin tsufa don kawai ta rubuta cewa ba ta ga TPM ba. A kira mai gyara ya leƙa tukuna.

Na biyu shi ne shekarun ƙwaƙwalwa, kuma shi ba ya da magani. In ban da wasu ƴan kaɗan da aka keɓe, Windows 11 ba ya karɓar ƙwaƙwalwar Intel sai daga zubi na 8 zuwa sama, wanda ya fara fitowa a ƙarshen shekarar 2017, ko kuma ta AMD daga Ryzen 2000 na shekarar 2018. Gane zubin ba ya bukatar zuwa jami'a. Sunan ƙwaƙwalwar Intel yana zuwa ne kamar haka: i5-6300U. Lambar farko bayan ɗan karan tsakiya ita ce zubi, wato a nan na 6, bai shiga ba. In an ga i5-8250U, zubi na 8 ne, ya shiga. Daga zubi na 10 lambobi biyu na farko ake karantawa, kamar i5-10210U. A kasuwa an saba cewa i7 ta fi i5, i5 ta fi i3, kamar galan soja, har mai saye yakan ƙara kuɗi da jin sunan i7 kaɗai. To ga abin mamaki: i7-7700 ba ta cikin jerin da aka amince da shi, amma i3-8100 tana ciki. Galan ba ya aiki a nan, shekarar haihuwa ake tambaya.

Kamfanin ya ce dalilinsa tsaro ne da inganci. Cikin watan Agusta na 2021 ya bayyana cewa na'urorin da ba su cika sharuɗɗan ba sun fi sauran yawan sumewa da kashi 52 cikin ɗari a gwajin da ya yi. Ba mu da hujjar ƙaryata shi, kuma tsaro abin so ne. Sai dai an yanka wannan riga ce a jikin ofisoshin da ke sake kwamfuta duk bayan shekara huɗu ko biyar. Ba a auna ta da ma'aikatar magajin garin Bazaga ko ta Tajaye ba, inda ake sayen na'ura da niyyar ta yi aiki har ranar da ta ƙi tashi.

Ina za su tafi?

Cikin watan Disamba na 2023 wata cibiyar nazarin kasuwa mai suna Canalys ta ƙiyasta cewa kwamfutoci kimanin miliyan 240 ne a duniya ba za su iya hawa Windows 11 ba. Masu wannan lissafi suna tsoron tulin shara ne. Mu kuwa a nan ya kamata mu yi wata tambaya: kafin su zama shara, wace kasuwa za su bi?

Amsar ba ta ɓuya ba. Kayan gwanjo na Turai da Amurka suna sauka a tashoshin jiragen ruwa na bakin teku, su bi ta manyan kasuwanni irin ta Ikeja a Legas da ta titin Beirut a Kano, su gangaro Sakkwato. Daga Sakkwato zuwa Birnin Ƙonni bai kai kilomita 100 ba, ta Illelar Najeriya, wadda ke kallon Ƙonni a tsallaken iyaka; mai karatu kada ya haɗa ta da tamu Illelar da ke arewa, ta wajen Badagishiri. Ƙonni kuma tana kan babbar hanyar ƙasa mai lamba 1, ga mararrabar Tsarnawa inda hanyar Tawa ta rabu. Duk abin da ya yi araha a Legas, ba a daɗewa sai a gan shi a shagunan Ƙonni, daga nan ya shiga jakar malamin lakwal na Dogarawa ko ta ɗalibin da ke shirin rubuta kundin kammala karatu.

Na'urorin da manyan ofisoshin waje ke zubarwa saboda wannan dalili kyawawa ne, a nan haɗarin yake. Irin su HP EliteBook 840 G3, da Dell Latitude E7470, da Lenovo ThinkPad T460 duk na zubi na 6 ne: jiki mai ƙarfi, gilashi mai haske, gudu ba laifi. Mai saye ya ɗaga, ya ji nauyi, ya ga sheƙi, ya ji farashi, sai ya ce ya yi tsintuwa. Ko sunan samfurin ma ba ya isa shaida, domin EliteBook 840 G5, wanda yawancinsa na zubi na 8 ne, akwai waɗanda aka sa wa ƙwaƙwalwar zubi na 7. Lambar ƙwaƙwalwa ita ce abin dubawa, kuma tana nan a rubuce cikin shafin bayanin na'ura.

Akwai kuma wani tarko da ya fi wannan. Masu gyara sun san dabarun tsallake sharuɗɗan, har akwai manhajojin da ke yin haka cikin sauƙi, ta yadda za a ɗora Windows 11 a kan na'urar da ba ta cancanta ba. Mai saye ya kunna, ya ga Windows 11 ɓaro-ɓaro, hankalinsa ya kwanta. Amma Microsoft ya faɗa a fili cewa irin wannan na'ura ba ta da haƙƙin samun gyare-gyare, in ta samu to, in ba ta samu ba babu ƙara. Bugu da ƙari, Windows 11 yana sake fita duk shekara, kuma kowane fitowa wata 24 ake kula da ita a wajen talakawan masu amfani. Na'urar da aka shigar ta bayan gida sau da yawa ba ta karɓar fitowa ta gaba da kanta, sai a sake yin dabara. Dabarar ma tana da iyaka. Fitowar da ake kira 24H2, ta watan Oktoba 2024, ba ta tashi sam a kan tsofaffin ƙwaƙwalwa na zamanin Core 2 Duo. Microsoft yana da wata ƴar manhaja ta kyauta mai suna PC Health Check wadda ke faɗin ko na'ura ta cancanta, amma karanta lambar nan da muka bayyana ya fi sauri, kuma ba ya bukatar intanet.

Kada a fahimce mu a kan muna zagin gwanjo. In ba don gwanjo ba, da malamai da ɗalibai da ƴan kasuwa da yawa ba su mallaki kwamfuta ba har yau. Na'urar zubi na 6 tana iya yi wa mutum aiki shekaru, in ya san abin da ya saya, aka kuma rage masa kuɗi daidai da haka. Abin ƙi shi ne cinikin biri a sama. Ya fi muni idan da kuɗin hukuma aka yi shi, ko kuwa wani furoje ne da ya zo ƙarshe ya tattara kayansa ya miƙa wa ma'aikata, aka yi jawabi, aka ɗauki hoto, ba wanda ya tambayi shekarun na'urorin. Kyauta abar godiya ce, amma a rubuta ta a littafin kaya da ainihin matsayinta.

In an zauna a kan tsohon fa?

Kwamfutar da ta tsaya a kan Windows 10 tana ci gaba da aiki, mun faɗa. Abin da ta rasa shi ne gyaran da ake turo mata duk wata domin toshe kafofin da ɓarayin intanet ke ganowa. Kamar ɗaki ne da aka daina yi wa yaɓe: damina ta farko ba za a ga kome ba. A wannan ranar ta 14 ga Oktoba 2025 kuma aka daina kula da Office 2016 da Office 2019, wato manhajojin rubutu da lissafi da sakatarori suka saba da su.

Duniya ta ga abin da rashin toshe kafa ke jawowa. Ranar 12 ga Mayu 2017 wata muguwar manhaja mai suna WannaCry ta kulle kwamfutoci fiye da dubu 200 a ƙasashe kimanin 150, tana neman kuɗin fansa. A Ingila asibitocin gwamnati sun soke alƙawuran ganin likita kimanin dubu 19. Abin takaici, an riga an fitar da maganin wannan kafa tun watan Maris na shekarar, waɗanda abin ya ci ba su sa ba ne. Na'urar da aka daina kula da ita kuwa, maganin ma ba zai zo ba balle a yi sakacin sa shi.

Wani zai ce kwamfutar ofishinsa ba ta shiga intanet. Haɗarinta ya ragu, gaskiya ne, amma bai ƙare ba, domin akwai ɗan makullin ajiyar nan da ake kira kile, wanda ke yawo daga shagon buga takardu na bakin tasha zuwa teburin sakatare, daga nan zuwa gidan darakta. Kuma mu tuna abin da ke cikin waɗannan na'urori: rajistar haihuwa da aure da rasuwa, takardun filaye, sakamakon jarrabawar yara, lissafin ƙungiyoyin manoman rani na fadamar Ƙonni da na masu albasar Galmi. Ƙasarmu tana da dokar kare bayanan mutane tun shekarar 2017, kuma nauyin kiyaye su yana kan wanda ya tattara su.

Microsoft ya buɗe ƙofar sayen ƙarin wa'adi. Ga mutum ɗaya, ya sanar da shekara guda, zuwa 13 ga Oktoba 2026, a kan dalar Amurka 30, ko kyauta ga wanda ya yarda ya haɗa na'urarsa da asusun kamfanin. Mu ce dalar Amurka da babbar murya, kada wani ya lissafa da tamu dalar ta tamma biyar. Ga ma'aikatu farashin kowace na'ura dalar Amurka 61 ne a shekarar farko, wato wajen jika 35 a canjin ƙarshen 2025, sa'an nan ya ninka a ta biyu, ya sake ninkawa a ta uku. Jimillar shekaru ukun ta kai dalar Amurka 427, wajen jika 240, kuɗin da zai sayi na'urar gwanjo mai kyau wadda ta cancanta. Makarantu an yi musu rangwame mai yawa, dalar Amurka 1 a shekarar farko. Duk wannan kuwa sai ga mai Windows na halal, kuma kowa ya san ba kowace na'ura ce a kasuwanninmu ke da shi ba.

Kwamfuta ba ita kaɗai take aiki ba

A ɗauka an samu kuɗi, an sayo sabuwar na'ura mai Windows 11 na gaskiya. A nan ne wahala ta biyu ke farawa, kuma ita ce wadda masu tsara kasafi suka fi mantawa.

Windows 10 yana da iri biyu, mai bit 32 da mai bit 64, kamar hanya ƙarama da babba. Windows 11 ba ya da mai bit 32 ko kaɗan. Duk firinta ko sikanar da kamfaninta bai taɓa rubuta mata direba mai bit 64 ba, ta rasa tafinta ke nan. Haka ma wasu tsofaffin manhajojin lissafi da na rajista da aka rubuta tun zamanin DOS, waɗanda ke lallaɓawa a kan mai bit 32. Cikin watan Satumba na 2023 kuma Microsoft ya sanar cewa sannu a hankali zai daina rarraba sababbin direbobin firinta na sauran kamfanoni, zai karkata ga direba guda ta bai ɗaya wadda firintocin zamani ke ji. Tsofaffin direbobi ba a hana sa su ba. Saboda haka faifan nan da ya zo cikin kwalin firinta, wanda ake jefawa a aljihun tebur, dukiya ne. A kwafe shi a ajiye, tun da yawancin sababbin kwamfutocin hannu ba su da wurin sa faifai.

Sai maganar kafofi. Tsohuwar firinta mai allurai, wadda ke buga rasit mai kwafi uku, da faffaɗar kafa take haɗuwa, sabuwar na'ura kuwa ba ta da ita. Majigin ɗakin taro yana da waya mai shuɗin kai, sabuwar na'ura HDMI ta sani. Akwai ƴan mahaɗai da ake sayarwa, wasu su yi, wasu su ƙi. Abin ya fi tsanani ga manyan na'urori, irin ma'aunin manyan motoci ko na'urar awon jini, waɗanda kuɗinsu ya ninka na kwamfutar da ke tuƙa su sau da yawa, kuma manhajarsu ta tsaya a tsarin da aka sayo su da shi. A yankin da ke da masana'antar siminti a Malbaza tun shekarun 1960, da asibiti irin na Galmi, da ofishin duwan a bakin iyaka, wannan magana ce ta yau da kullum. Hikima a nan ita ce a bar tsohuwar kwamfutar a kan aikinta, a yanke ta daga intanet, a hana cusa mata kile, a kuma nemi irinta a ajiye saboda ranar da za ta gaza.

Shi kansa ɗora sabon tsarin yana da tsada a ƙauye. Nauyinsa ya wuce gigabait 5, kuma irin wanda ake sayar wa mutane a gida yana neman intanet da asusun Microsoft tun ranar kunnawa ta farko. Ga ɗaukewar wuta, wadda in ta faɗo a tsakiyar aikin tana iya ɓata shi. Abin da ya dace shi ne a sauko da shi sau ɗaya a babban garin gunduma, a sa a kile mai tsabta, a zagaya da shi.

Wata hanyar

Windows ba shi kaɗai ne tsarin aiki ba. Akwai Linux, wanda wani ɗalibi ɗan ƙasar Finlan, Linus Torvalds, ya fara a 1991, kyauta ne kuma kowa yana da izinin kwafa da gyarawa. Ire-irensa da aka fi sani su ne Ubuntu, wanda ɗan Afirka ta Kudu Mark Shuttleworth ya assasa a 2004, da kuma Linux Mint. Ba su tambayar zubi na nawa, na'urar shekara goma tana gudu da su sarai, kuma gyaran tsaro yana zuwa. Jandarmomin Faransa sun fara komawa kansa tun 2008, da dubun dubatar na'urori. A 2024 jihar Schleswig-Holstein ta Jamus ta yanke shawarar mayar da kwamfutocin ma'aikatanta kimanin dubu 30 kan Linux da LibreOffice. Amma birnin Munik, a Jamus ɗin dai, bayan ya shekara fiye da goma a kan wannan hanya, majalisarsa ta zaɓi komawa Windows a 2017.

A ganinmu, ga ɗakin kwamfuta na makaranta, da cibiyar yaƙi da jahilci, da ɗalibi mai rubutu da bincike, wannan hanya ta fi sayen wa'adi, ta kuma fi dabarar bayan gida nesa ba kusa ba. Ga ofishin da ke aiki da manhajar da ma'aikatarsa ta turo daga Yamai, wadda Windows kaɗai ta sani, ba shugaban ofis ne zai yanke wannan shawara shi kaɗai ba. Linux ma yana da firintocin da ba ya jin yarensu. Kuɗin da aka tsira da shi a lasisi, wani kaso nasa zai tafi wajen horar da sakatarori da samun mai gyara a kusa, domin ba za a riƙa ɗaukar na'ura daga Allela zuwa Tawa duk lokacin da ta yi tari ba.

Haruffanmu masu ƙugiya

Saura magana ɗaya wadda babu kamfanin waje da zai tuna mana ita. Tun taron Bamako na 1966 aka tsayar da haruffan rubuta harsunanmu, gwamnati kuma ta tabbatar da ƙa'idar rubutun Hausa a Nijar cikin watan Oktoba na 1999, da ɓ, da ɗ, da ƙ, da ƴ. Cikin watan Maris na 2025 kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Ma'anar haka ita ce takardun Hausa da ofisoshi za su buga ƙaruwa za su yi, kuma ƙugiya ba ado ba ce: baki daban, baƙi daban, kafa daban, ƙafa daban.

A zamanin tafireta, bayan an gama bugu sai a bi da alƙalami ana ɗora wa haruffa ƙugiya ɗaya bayan ɗaya. Da kwamfuta ta zo, cikin shekarun 1990, aka yi dabara: aka ƙera wasu zanen haruffa na musamman, inda aka cire wata alamar da ba a cika bukata ba aka sa ƙ ko ɗ a gurbinta. Dabarar ta yi aiki, amma a na'urar da ke da wannan zane kaɗai. Yau akwai tsarin duniya mai suna Unicode wanda ya ba kowane harafi lambarsa, namu ma suna ciki, manya da ƙanana. Sai dai littattafan koyon karatu, da jagororin malamai, da fassarorin da aka buga da tsohuwar dabara, in aka buɗe su a sabuwar na'ura wadda ba ta da wancan zane, duk inda ƙugiya take sai a ga wata alama ta daban. Aikin shekaru yana iya komawa shirme a rana ɗaya. Saboda haka kafin a goge tsohuwar kwamfuta, bayan takardu, a kwashe har da zanen haruffan da ke cikinta, sa'an nan a zauna a mayar da rubuce-rubucen kan Unicode tun ana iya karanta su. In an gama, a goge rumbun sarai kafin na'urar ta fita daga ofis.

Allon haruffa ma abin dubawa ne. Sakatarorinmu sun koyi bugu a kan jerin Faransa, wanda ya fara da AZERTY, na'urorin da ke shigowa ta Najeriya kuwa yawancinsu QWERTY ne. Windows yana da jerin Hausa a cikinsa, amma a kan QWERTY aka gina shi; wanda ya kunna shi a kan allon Faransa zai danna A ya ga Q, ya danna Z ya ga W. Ana iya sabawa da kowanne, amma a zaɓa da sani, kuma ofis guda ya tsaya a kan iri guda.

Duk wannan yana komawa kan takarda biyu da ma'aikata suka sani: takardar odar kaya da takardar karɓarsu. A ta farko kada a rubuta “kwamfuta i5” kawai. A rubuta zubi na 8 ko sama, da TPM 2.0 a kunne, da Windows na halal tare da shaidarsa, da irin allon haruffa, da kafofin da ake bukata. Ranar karɓa kuma, kwamitin kada ya tsaya ƙirga kwalaye. A fitar da kowace na'ura, a karanta lambar ƙwaƙwalwarta, a haɗa ta da firinta da sikanar da ke ofishin, ba waɗanda mai kawo kaya ya zo da su ba. Sa'an nan sakatare ya zauna ya rubuta “ɗan ƙauye ya ɓoye ƴaƴan itace”, sau ɗaya da ƙananan haruffa, sau ɗaya da manya, ya buga, a liƙa takardar a bayan takardar karɓa, kafin kowa ya sa hannu.